Damin da nike kai ma tsoho

Bazara ce, hadari na tasowa gabas da yamma yana watsewa. Damanar da ta wuce ba ta yi albarka ba, rumbuna sun yi ƙasa tun da wuri, kowa idonshi na ga shuka. A wannan lokacin ne anka kawo mini takardar kira zuwa wajen alƙali a Buza, a kan gonar da nike ciyar da ɗiyana da ita.

Gonar ba gona ba ce da farko. Fako ne bisa tudu, na kawun mijina. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara ƙanana, na je na durƙusa gaban tsohon, na ce ba ni da inda zan shuka. Ya yi dariya ya ce, "Wancan fakon ko akuya ba ta tsayawa. In kina iyawa, ɗauki ki ci, ke da ɗiyanki."

Na taɓa aikin furoje, wani shirin taimako na gyaran ƙasa, tare da matan garinmu, na san yadda ake yi. Da diga na haƙa ramuka masu siffar rabin wata, na jera duwatsu don su tare ruwa, na riƙa kai taki a ka. Shekarun farko ciyawa kawai ta fito. Daga baya hatsi ya kama, har itace ya tsiro. Duk kaka in na yi girbi, sai in zaɓi dami mai kyau in kai ma tsoho. Bai taɓa tambaya ba. Ni dai ina jin kunyar in ci sabon hatsi shi bai ɗanɗana ba.

Da ya rasu, babban ɗanshi ya komo daga Libiya. Taubashin mijina ne, tun ina amarya yake ce mini matarshi, ina ce mishi ba ni auren raggo. Shi ne ya ce gonar ubanshi ce, aro anka ba ni, yanzu yana son abinshi. Hakimin garinmu ya zaunar da mu ya kasa, sarki ma ya kasa, magana ta kai Buza.

Mun shiga mota guda da shi ranar shari'a. Ya juyo ya ce, "Matata, kin karya kumallo?" Na ce na karya.

Alƙalin yaro ne, yana magana da faransanci, tafinta na mai da mini. Gefenshi akwai dattijai biyu masu sanin al'ada. Ba wanda ya yi mini tsawa. Alƙali ya tambaya ko akwai shaida lokacin da anka ba ni wurin. Na ce daga ni sai tsoho, sai matarshi, ita ma ta rasu. Ya tambaya ko na je meri, ofishin magajin gari, an rubuta. Na ce wa zai rubuta fako?

Sai ɗaya daga dattijan ya ce, "Ɗiyata, mi tsohon ya ce miki? Faɗi yadda ya faɗa."

Na faɗa.

"Ki ci ya ce, ko ko na ba ki?"

"Ki ci ya ce, baba."

Ya ɗaga kai. "To in kin yi girbi, kina kai mishi wani abu?"

Nan zuciyata ta yi sanyi, na zaci abin da zai taimake ni ne, su san ban yi butulci ba. Na ce, "Ban taɓa fashi ba. Dami guda duk shekara, da kaina nike ɗauka."

Dattijan sunka dubi juna. Taubashin mijina ya sunkuyar da kai.

Tafinta ya bayyana mini a hankali. A al'ada, wanda anka ba kyauta ba ya kai dami. Mai aro ne ke kaiwa, don a san ƙasar da mai ita. Da bakina na ba da shaidar da taubashin mijina bai zo da ita ba.

Na ce, "To duwatsun fa? Ramukan fa?"

Dattijon ya ce, "Kin ci wahalarki shekara da shekaru, ɗiyata. Ƙasa kuwa ta magada ce."

Anka miƙo takarda. Na koyi rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci, na rubuta shi inda anka nuna mini. Sun ce ina iya ɗaukaka ƙara zuwa Tawa. Na tambaya ko can za a sake tambayata maganar damin. Tafinta ya ce za a sake.

Da na komo gida, babbar ɗiyata ta fito da irin da munka ɓoye tun kaka, ta ce ina za mu sa shi in ruwa ya sauka. Na ce ta mai da shi tukuna.

Washegari da na yi sallah, na yafa gyale na tafi ƙofar gidan taubashin mijina. Na iske yana alwala, na durƙusa nesa kaɗan na jira ya gama, sannan na gaishe shi, na roƙe shi ya ara mini gefen gonar na bana.