Kwalin da Muka Kai Bayan Karakara

Asuba ta fari muka bar Dosso, ni da maƙwabcina, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da kowa ke kira Mushe, lakabin malamai daga Faransanci. Shi Kirista ne, ni Musulmi, shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu. Rakiya ya roƙa don gwiwarsa ta fara gardama, ni kuwa da jin tafiya ƙafata ke ƙaiƙayi, ko da baya na kuka.

A hanya ya faɗa mini dalili. Wani ƙauye ne bayan Karakara, inda gara ta cinye Littafi Mai Tsarki guda ɗaya da majami'arsu ke da shi. Damina uku ke nan wani dattijo ke ja musu sujada da ka, yanzu ya ce ya daina, yana tsoron ya sa wa Allah magana a baki. In littafi bai iso kafin Lahadi ba, za su rufe ƙofa.

Hantsi muka shiga Gaya. Manyan motoci sun yi layi har ido ya gaji, direbobi kwance a ƙarƙashinsu suna fifita. Kwalin sababbin littattafan da za mu kai musu ya ƙetaro gada daga Malanville, amma sai da muka yi zaman jiran duwan, wato kwastan, har azahar. Na ci soyayyen kifi da garin rogo a tsaye. Kifin Gaya dai bai canza ba, kuɗinsa ne ya yi fiffike.

A tasha rigima ta tashi. Direban, wani Alhaji mai jan gemu, ya tambayi abin da ke cikin kwalin. Da ya ji, sai ya ja da baya. Ba zai ɗora buhun albasa a kan littafin da ke da sunan Allah ba, ba zai sa shi ƙarƙashin kujera wajen ƙafafu ba, saman mota kuma mutane ke zaune.

"Alhaji, tura shi ko'ina, takarda ce," in ji Mushe.

"A motarka dai, Mushe, ba a tawa ba."

Ƙarshenta cinyata ce ta zama kantar ɗora kwalin. Kwalta ta ƙare, muka faɗa jar laka, kowane rami sai kwalin ya gaisa da haƙarƙarina. Na ce, "Mushe, kai da littafinka kana gyangyaɗi, ni ke dakonsa?"

Ya yi dariya ya ce su ba su ce an sauko da shi a rubuce ba. Mutane ne suka rubuta da hannunsu, wani makiyayi, wani masunci, wani likita, kowa da irin bakinsa, amma Ruhun Allah ne ya hura musu abin da za su faɗa. Kamar sarewa, in ji shi: muryar ta kara ce, numfashin na mai busa ne. Shi ya sa suke kiransa hurarre. Na ce mu ba haka muka karanta ba a wajenmu. Ya ce ya sani. Muka raba rake muka sha.

Gab da la'asar muka tarar da ƙorama ta kawo. Mota ta ce nan ta tsaya. Kafin in miƙe ƙugu, mutumin da ya ce takarda ce ya fizge kwalin ya aza a ka, ya shiga ruwa har ƙirji da gurguwar gwiwarsa. Takalminsa ɗaya ya bi ruwa, salularsa ta sha ta ƙoshi, bai ko waiwaya ba. Alhaji na bakin gaɓa yana ta kiran, "A hankali, Mushe, ɗaga sama!"

Da muka isa, dattijon bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya goge hannu a riga, ya buɗe guda, ya bi layi da yatsa yana motsa baki. Mata suka kawo mana fura. Can ya ɗago.

"Wuri biyu na yi ƙari," ya ce. "Nawa ne, ba nasa ba. Ranar Lahadi zan faɗa musu."

"Baba, wa zai gane?" na tsokane shi.

"Mai maganar."

Washegari muka komo Dosso, Mushe da takalmin aro, ni da bayan da har yau sai an taka mini. Na sha yawo, na kuma sha ba da labari da ɗan gishiri, kun sani. Amma tun da na ga tsohon nan yana tuhumar harshensa a kan kalmomin da ba wanda zai kama shi da su, na ji nauyin bakina. Wannan karon ban ƙara muku ko ƙwaya ba.