Nishin da Na Ji a Ƙarƙashin Laka

Ranar Juma'ar farko ta watan azumi, shekarar da nake aji uku a firamare, zafin Gashuwa ya kai inda ko kaji ba sa barin inuwar rumbu. An sauko daga masallaci, ina gindin bishiyar maina a ƙofar gidanmu ina tsince shinkafa a faifai. Kakana na wajen uba, Kaka Malam, masuncin da ya jingine koma ya rungumi karatu, yana kan buzunsa. Kusa da shi Kawu Sale ne, ƙanen mahaifiyata, malamin kimiyya a wata sakandare a Nguru, wanda ya zo mana kwana uku da ƙullin dabino. Abin da ya haɗa su gardama shi ne ayar da aka fassara a wurin tafsiri, mai nuna cewa ranar alƙiyama ƙasa za ta ba da labarin abin da aka aikata a bayanta.

"Baba, ban ce tatsuniya ba ce, Allah ya tsare ni," in ji Kawu. "Misali ne. Ana nufin babu abin da zai ɓuya. Ina ƙasa ta ga harshe?"

Kaka bai ko ɗago kai daga carbinsa ba. "Malam Sale, wanda ya tsaga maka baki, tsaga wa ƙasa ne zai gagare shi? Magana za ta yi kamar yadda nake yi maka, ta faɗi suna, ta faɗi rana."

Saura kaɗan faifan ya suɓuce mini, domin ni akwai abin da ƙasa ta sani a kaina. Wata biyu kafin nan, lokacin da ruwan fadama ke ja da baya, na kwance ɗan akuyar Kaka na tafi da shi bakin tabki, na ɗaure shi a turke na shiga wasan carafke da 'yan matan masu ban ruwan albasa. Ko da na waiwaya, igiya ta naɗe masa wuya, ya riga ya sanƙare. Na tona laka da hannuna na binne shi da igiyar, na wanke ƙafa na koma gida. Da aka neme shi aka rasa, na ce Yagana, 'yar baffana, ita ta bar ƙofar garke a buɗe. Uwarta ta yi mata dukan da ta kwana biyu ba ta iya ɗaukar tulu, aka kuma laƙaba mata suna mai sakaci. Yagana ba ta yi musu ba, kallona kawai ta yi.

Daga ranar gardamar nan na zama 'yar ɓangaren Kawu a zuciyata, amma tafiya ta koma mini sanɗa. Ko 'yar gala-gala na daina, don ba na son dira a ƙasa da ƙarfi. Ranar Lahadi da tsakar rana, gida ya yi tsit kowa ya kwanta da azumi, na kasa daurewa na nufi fadama. Tabkin ya ƙafe ƙaf, lakar ta tsattsage kamar fasasshiyar tukunya, babu tsuntsu, babu iska, ko kabar goruba ba ta motsi. Na gane wurin da turken. Na tsaya a kai, na daɗe, sannan na ɗaga ƙafa na buga sau ɗaya don in tabbatar wa kaina cewa ƙasa ce kawai. Sai na ji nishi daga ƙarƙashina, irin na tsohon da ke juyi a kan tabarma. Na sake bugawa. Wannan karon ya fi tsawo, ƙarshensa ya sirance kamar kukan ɗan akuya. Ban san lokacin da na bar takalmana a wurin ba. Na faɗa zaure ina haki, na zube gaban Kaka da Kawu na zayyana komai, ina cewa ƙasa ta fara faɗa, gara in riga ta.

Bayan la'asar Kaka ya saɓa fartanya, muka bi shi ni da Kawu da Yagana. Sara kaɗan sai ga igiya da 'yan ƙasusuwa. Ya matsa gefe kamar kamu ɗaya, ya ci gaba da tono a hankali, har ya ciro wani dunƙulen laka ya fasa. Gaiwa ce a naɗe cikin kubenta, da ranta, kifin nan da ke shigewa laka in ruwa ya ƙafe ya jira damina. Ta buɗe baki ta yi nishin nan a hannunsa. Kawu ya sauke ajiyar zuciya ya ce mini, "Kin gani, Binta? Kifi ne." Kaka ya ce, "Gaiwa na sani tun ba a haifi ubanta ba. Amma fadamar nan ta miƙe har Katuzu. Me ya kwantar da ita a nan?" Kawu ya ce wataƙila wurin ya fi riƙe damshi. Kaka ya ce, "To," ya juyo gare ni ya sa na durƙusa gaban Yagana na nemi gafara. Ba ta yafe mini a ranar ba. Sai ranar Salla ta miƙo mini lallenta ta ce in sa, kuma uwarta ta daɗe ba ta iya haɗa ido da ita.

Gaiwar nan ita aka yi miyar buɗa baki da ita, su biyun suna ci suna ci gaba da gardama, Kaka yana tura wa Kawu tsoka mai kyau. Yanzu ɗaya yana kwance a maƙabartar Gashuwa, ɗayan a ta Nguru. 'Ya'yana kan nuna mini irin wannan muhawara a waya, mutanen da ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba suna kafirta juna, kowa da tabbacinsa. Ni kuwa na kusa ninka shekarun Kawu na wancan lokaci, ban iya cewa wane ne ya yi daidai ba. Ina kewar mutanen da za su saɓa a kan aya da la'asar, su sa hannu a akushi ɗaya da magariba.