Fil a Bakin Gwaggo

Shekara talatin da ɗaya ƙanwar babana ta yi tana ɗinki a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Shagon bai fi taku biyar ba: keken ɗinki a bakin taga, teburin yanka, dogon madubi mai tsagewa a kusurwa, sai labulen da mata ke shiga bayansa su gwada kaya. A layin, Gwaggo Shiru ake ce mata. Mu 'yan gida dariya sunan ke ba mu, don a gida ko kaza ce ta gifta ta gabanta sai ta ji ra'ayin Gwaggo a kan tafiyarta.

Shirun ba hali ba ne, fil ne, irin wanda tela ke kama yadi da shi. In za ta gwada wa mace riga, sai ta ɗebi kamar goma ta jera a leɓe, ta datse da haƙora, ta tsuguna tana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Ko a kan keke take, ba a rasa biyu ko uku a bakinta. Zare ma da haƙori take tsinkewa, ga almakashi a gabanta. Mai fil a baki kuwa ba ta da abin cewa sai "uhm". Mata suka gano haka, suka riƙa zuwa da yadi a hannu da damuwa a ciki, su zazzage mata, su fita suna cewa ba su taɓa ganin mai zurfin ciki irin telar nan ba. Rabin cinikinta daga nan ya fito.

Ciwon ya fara da wata 'yar ƙara, ƙas, a gaban kunnen dama in ta yi hamma. Ta ɗiga maganin kunne, bai yi ba. Likitan haƙori ya duba ya ce haƙoranta sun fi nasa lafiya, matsalar a mahaɗar muƙamuƙi take. Ta share zancen, har wata safiya bakin ya ƙi buɗuwa yadda cokali zai shiga. Ranar na kai ta asibiti, sashen gashin ƙashi.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce Gwaggo ta jera yatsu uku a tsaye ta sa tsakanin haƙora. Biyu ma da ƙyar. Ta sa safar hannu, ta danna wani nama a cikin kumatun, sai ga hawaye.

"Mama, me kike yawan riƙewa da haƙora?"

"Ba komai, 'yar nan."

"Fil," na ce. Gwaggo ta harare ni.

Aka ɗora ta a kan tsari. Tawul mai ɗumi a kumatu safe da yamma. Ta manna harshe a bayan haƙoran sama, ta buɗe baki a hankali a gaban madubi, sau shida, kuma sau shida a yini. Leɓe a rufe, haƙora a rabe. In hamma ta zo, ta tokare haɓa da hannu. Abinci mai laushi, burodi a jiƙa a shayi. Sau biyu a mako likitar na murza mata naman kumatu da na wuya. Fil kuwa an yi musu ɗan matashin soso da take ɗaurawa a wuyan hannu. Gwaggo ba ta yin abu rabi da rabi. Cikin mako shida yatsu uku suka shige.

Sai baki ya samu sarari. Wata ta tambaye ta ko kalar ta karɓe ta, ta ce a'a. Wata ta kawo ƙarar mijinta, Gwaggo ta saurara har ƙarshe ta ce ita dai ba ta ga laifinsa ba. Wata ta ce an rage mata faɗin riga, aka nuna mata awo, aka ce ita ce ta ƙaru. Kafin wata uku, bencin masu jira ya fara zama babu kowa.

"Gwaggo, baki fa shi ke yanka wuya," na ce mata.

"Ni ma ban san haka nake a shago ba. Ashe fil ke tare maganganun."

Ta koma wa fil ɗin a ɓoye na kwana huɗu. Ƙarar muƙamuƙin ta dawo, likitar ta taɓa kumatun sau ɗaya ta gane, Gwaggo ta sha faɗa a wurin sa'ar 'yarta. Ta haƙura.

Cikin tsofaffin masu kawo ɗinki, wadda ta rage mata ita ce Malama, tsohuwar shugabar makaranta. Duk wata sai ta kawo yadi, kuma ita ke jawo sauran malamai. In ta tafi, shagon ya tafi. Labarinta ɗaya ne kullum: 'yarta tilo ta yi aure ta bar gari, ba ta zuwa, ba ta kira, 'ya'yan zamani ba su da alkunya. Ina shagon ranar da ta sake ɗauko shi. Gwaggo na tsugune tana kama mata gefen riga, na ga ta kalli ɗan matashin fil da ke hannunta, ta kau da kai.

"Malama, ke kika kore ta. A nan, gaban madubin nan, kika ce mata in ta auri direban nan ba ke ba ita, ko gawarki kada ta zo. Ina tsugune a ƙafarta ina ji. Yarinya ta yi miki biyayya ne."

Malama ta shiga bayan labule ta cire rigar, ta ajiye a kan benci, ta fita ba sallama. Gwaggo ta tsorata, ban taɓa ganin ta haka ba. Wata biyu tana buɗe shago tana goge keke, tana facin kayan maƙwabta.

Ran nan sai ga Malama da leda. Ta zube yadi kala biyu a kan tebur, ta miƙa wata takarda mai awon yara mata, ɗaya shekara tara, ɗaya bakwai. Ta ce ta je gidan 'yarta, awon jikokinta ne. An karɓe ta da mutunci, an ba ta kujera, yaran suka gaishe ta kamar baƙuwa, ƙaramar ta tambayi uwarta wace ce.

Gwaggo ta fara murna. Malama ta ɗaga mata hannu.

"Tela, shekara goma sha ɗaya ina zuwa nan ina faɗa miki maganar nan, kina ce min uhm. Na ɗauka gaskiya kike ba ni."

Gwaggo ta ja takardar awon gabanta, ta daɗe tana dubawa.