Kakar Tiyamike da Tsumman Gishiri

Da asuba Nachisale, wadda ake kira Agogo, wato kaka a harshensu, tana tsugune tana tace kunun masara da ƙyalle, don kada tsaki ko ɗaya ya wuce. Na jikarta ne, Tiyamike, 'yar shekara shida, wadda aka haifa da fatar da ko gogarta aka yi sai ta yi bororo ta sale, har cikin baki. Ta san ba za a sha ba. Ta dai dama.

Busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Thyolo. 'Ya'ya bakwai ta raina, kuma duk wanda ta ga fari-fari a bakinsa, sai ta naɗa tsumma a yatsa, ta tsoma a ruwan gishiri ta dirje. Haka uwarta ta yi mata. Da uwar Tiyamike za ta tafi tsinkar ganyen shayi, ta ce, "Mama, kar a taɓa bakin nan." Nachisale ta ce a ranta, yaushe aka haifi wannan da za ta koya mata raino? Da ta ga fari-fari a bakin Tiyamike, ta dirje. Fatar dasashi da ta harshe suka biyo tsumman.

Tun ranar, yarinyar na ganin hannu ya nufo ta sai ta datse baki. Ba kunu, ba magani. Wuyanta ya koma kamar kara.

Nachisale ta goyo ta zuwa asibitin da nake wankin kayan aiki. Sista Kaliati ta saurari labarin.

"Agogo, tukunya kika zaci kina kankarewa?"

"Zage ni, 'yata, na cancanta. Ki dai sa ta ci abinci."

"Ina na ga lokacin zagi? Tiya, ƙawata, buɗe in gani."

Ta ƙi. Sista ta ce idan aka wayi gari haka, sai dai a zura mata roba ta hanci, kuma robar ma tana sale fata. Ta tsoma auduga a maganin kashe zafi, ta miƙa wa yarinyar.

"To sarauniya, shafa da kanki. Ba mai taɓa ki."

"Ba na gani," in ji Tiyamike ta tsakanin haƙora.

Nachisale ta miƙe. Ta ciro madubin da ke saman wurin wankina, ta durƙusa gaban yarinyar, ta ɗaga shi ya rufe tata fuskar, ta lanƙwashe yatsunta a bayansa. Tiyamike ta daɗe tana kallon kanta. Sannan ta buɗe baki kaɗan, ta ɗora audugar.

Aka kira ni wani ɗakin. Na bar tsohuwar a durƙushe, ba ta sauke madubin ba.