Kunne a Cikin Kofin Shayi

Shekara ashirin da shida Sittana Ɗanjuma ta yi tana wanke kwalaben jini a ɗakin gwaji na wani asibiti a Soba, a ƙasar Sudan. Kullum daga Omdurman take tasowa, mota biyu, ta ƙetare gada, ta riga likitoci isowa. Ba ta da takardar shaida ko ɗaya. Amma duk ɗalibin da aka turo koyon aiki, a hannunta yake fara sanin inda komai yake, kuma kowa Hala yake ce mata, wato inna.

Shekara uku kafin yaƙi aka turo Mayada, 'yar unguwar Alsahafa. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Leɓe take karantawa, kuma babu jarrabawar da ta taɓa kayar da ita. A sati na biyu aka ɗora kwalabe a injin juya jini, nauyi ya rinjayi gefe ɗaya. Injin ya yi ta kuka, ita kuwa ta ba shi baya tana rubutu. Kwalabe huɗu suka fashe. Sai da aka sake huda marasa lafiya huɗu.

Shugaban ɗakin, Doktor Salahuddin, ya tarar da Sittana tana tsince gilashin.

"Ba ƙiyayya ba ce, Hala," in ji shi. "Injin nan da kunne ake gadinsa. Ƙarshen wata zan mayar da ita ofis, ta riƙa rubuta sunaye."

Sittana ta san abin da wannan yake nufi. In bai sa hannu ba, Mayada ba za ta taɓa samun izinin aikin gwaji ba, karatun shekara huɗu ya tashi a banza.

"Ya doktor, kai mai kunne biyu, sau nawa nake kiranka shayi kafin ka amsa?"

"Hala, ba wasa nake yi ba."

"Wa ya ce maka ni wasa nake? Ba ni lokaci zuwa ƙarshen watan."

Sittana kurma ne ya haife ta. Ubanta maƙerin tukwanen gahawa ne a kasuwar Omdurman, guduma ta cinye masa kunne. A gidansu akwai wani ɗan katako manne da ƙofar ƙarfe, a kansa uwarsu take ajiye tasa da ruwa. In baƙo ya buga ƙofa, ruwan ya yi rawa, tsoho ya tashi ya buɗe. Da wannan ta girma, ba ta taɓa ɗaukarsa wata hikima ba.

Washegari ta zo da ɗan kofin gilashi na shayi, ta zuba ruwa rabi, ta ɗiga shuɗin wanki, ta rufe bakinsa da leda. Teburin injin da na Mayada katako ɗaya ne, sai ta dasa kofin a gaban idon yarinyar.

"Shayi a ɗakin gwaji?" in ji doktor.

"Ba na sha ba ne. Kunne ne."

Kullum bayan la'asar, in an tashi, sai su tsaya su biyu. Sittana ta cika kwalabe da ruwa, wani lokaci daidai, wani lokaci ta karkata nauyin da gangan. Ta kama haɓar Mayada, ta juyo da ita don ta ga bakinta: "Duba, 'yata. In lafiya, zobe-zobe ƙanana yake yi. In yana marin gefen kofi, kashe!" Ran da Mayada ta yi kuka ta ce ta gaji, Sittana ta share mata fuska da bakin mayafinta, ta ce, "Gama kukan, akwai saura kwalba shida."

Ranar ƙarshe doktor da kansa ya jera kwalaben, ya rage wa ɗaya ruwa a ɓoye, ya kunna. Mayada na can tana rubutu, ta ba su baya. Kafin injin ya kai ga yin kuka ta miƙe, ta kashe shi, ta ɗaga kwalbar ta nuna masa.

Ya daɗe yana kallon kofin. "Ni ban ji komai ba tukuna," in ji shi.

"Ai na sha gaya maka," in ji Sittana.

Ya zaro alƙalami ya sa hannu. Sittana kuwa ta koma bakin famfo, ta buɗe ruwa da ƙarfi don kada a ji kukanta.

Yaƙi ya watsa mutanen ɗakin nan. Sittana ta rasu bara a Gadarif, a ɗakin ƙanwarta, ciwon suga ya ci ƙarfinta. Mayada ta yi tafiyar yini guda daga Bur Sudan ta zo gaisuwa. Ta zauna cikin mata a kan tabarma, ta ciro waya ta nuna musu hoto: ita ce da farar riga, ɗalibai biyu kurame a gefenta, ga kofi mai shuɗin ruwa kusa da injin. Ta ce a ɗakinsu babu mai ce masa kofi. In za a kunna injin, sai a ce, "A zuba wa Hala ruwa."

Allah ya haskaka kabarinki, Sittana, ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya wa 'yar mutane.