Saƙon Maƙwabta a Bayan Jif

Maigidana ya rasu bara da damina, kuma har yau in mai ya ƙone a kasko na ji ƙaurinsa sai hawaye su zo mini. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ni ban iya rubutu ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta rage mini laifina.

Ya daɗe yana tuƙa motocin mutane kafin ya sami tasa, tsohuwar jif mai ruwan toka, irin wadda ke canza giya da kanta. Wani maƙeri a Ƙaura ya haɗa masa amalanke mai taya biyu da ake maƙalawa a bayanta. Da ita yake kai hatsi da awaki kasuwar Shinkafi da Kasuwar Daji, da ita muke ci muke sha a ƙauyenmu da ke bayan Zurmi.

Yana da doka guda a kan motar nan. Wani malamin makaranta ya karanta masa littafinta, inda aka faɗi nauyin da za ta iya ja, shi kuma ya mayar da abin zuwa buhu: goma sha biyu a kan kwalta, takwas in akwai yashi. Ko limami ne ya roƙe shi ba ya ƙarawa. Yakan ce mini, "Tsohuwa, jaki in ya gaji durƙusawa yake yi kowa ya gani. Ita wannan ba ta durƙusawa, cikinta ke dahuwa." Ya taɓa nuna mini man giyarta a kan tsumma, ja kamar zoɓo. Ya ce in kaya ya yi mata yawa man nan ne ke ɗaukar zafi, akwai wata fitila da ke kamawa a gaban direba, kuma in ta kama ba gardama, sai a nemi inuwa a tsaya, a bar inji yana aiki a hankali har fitilar ta mutu.

'Yan kasuwa sun sha yi masa ba'a a kan tsayuwar nan. "Malam, motar taka azumi take yi ne?" Sai ya ce, "Sallar walha take yi, ku jira ta sallame."

Da mutanen daji suka hana mu noma, aka fara kwashe mutane a gonakinsu, sai ya ce mu koma Ƙaura. Bazara ce, zafi tun da hantsi. Ya loda buhu shida da 'yan komatsanmu, ya ce sun kai nauyin takwas, ya rufe da tamfol ya ɗaure. Daga nan ya tafi maƙabarta ya yi wa iyayensa addu'ar bankwana.

Yana juya baya matan ƙauye suka fara shigowa da saƙonsu. A wajenmu mai tafiya ba ya ƙin saƙo, abin kunya ne da za a riƙa tunawa da shi har jikoki. Ungozomar da ta karɓi haihuwata duka ta zo da buhun gero biyu, a kai wa ɗanta a Ƙaura. Ta ce, "Ɗiyata, in ya zauna nan su za su ci." Da wane baki zan ce mata a'a? Wata ta kawo keken ɗinki, wata buhun wake, wata buhun dawa. Ni ma da na ga hanya ta buɗe sai na sa aka ɗora dutsen niƙan uwata, wanda ya riga ya ce in bari. 'Ya'yansu maza suka tura komai ƙarƙashin tamfol suka mayar da igiya yadda take.

Da ya dawo ya tsaya ya dubi tayoyin amalanke. Ya dube ni, ya dubi matan da suka cika ƙofar gida suna share hawaye. Sai ya ce, "Bisimilla, mu tafi."

Ni ce a gaba, ɗiyata da 'ya'yanta biyu a baya. Tun a yashin farko na ji kukan motar ya sake, tana nishi kamar mai naƙuda. Muka tsallake busasshen rafi da ƙyar. Muna shiga kurmin da ke tsakaninmu da kwalta, inda ko mai babur ba ya tsayawa fitsari, fitilar ta kama. Na gan ta da idona.

Na ce, "Malam, ba za ka tsaya ba?"

Ya ce, "A nan?" Ya dubi yaran ta madubi. "Ki yi ta salati kawai."

Ya sauke gilashi, ya rage gudu, yana shafa sitiyari yana ce mata, "Yi haƙuri, kaɗan ya rage." Ƙauri ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Ya san abin da yake yi mata, kowane taku ya sani. Ta fitar da mu daga kurmin, ta hau kwalta, muna hango gidajen Zurmi sai inji ya yi ta ƙara ita kuwa ba ta motsi. Ya sauka ya zaro sandar awon mai ya goga a gefen rigarsa. Baƙi ƙirin.

Wata babbar mota ce ta ja mu zuwa Ƙaura. Bakanike ya ce giyar ta ƙone ƙurmus, sai dai a sa wata, mu kuwa ba mu da hali. Aka tura jif ɗin ƙofar gidan da muka kama haya. Saƙon mutane da kansa ya raba shi, a baro, gida gida, yana tambayar unguwa. Kullum da safe sai ya goge mata gilashi, ya zauna a inuwarta, kaji na kiwo a ƙarƙashinta. Mutumin da bai saba zama ba, zaman ya ci shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana ina ba shi kunu na ce, "Malam, ni na kashe maka mota."

Ya ce, "Tun a ƙofar gida na gani, tsohuwa. Taya ba ta ɓoye kaya."

"To me ya hana ka saukewa?"

"In sauke geron matar da ta yanke wa 'ya'yana cibi, tana tsaye tana kallo? In kunyata ki a gabansu ranar rabuwa?" Ya ture kofin. "Ke kin ji kunya, ni ma na ji. Mu biyu muka ɗora mata."

Ya yafe mini, na sani, amma ni ban iya yafe wa kaina ba. Bayan na fita takaba masu sayen ƙarfe suka zo suka tafi da jif ɗin, ban fito na gani ba. Dutsen niƙan yana nan a bayan ɗaki. A Ƙaura inji ake kai niƙa, ban taɓa ɗora wa dutsen ko ƙwayar gero ba.