Zanen biro a ƙafar Yaya Lawali

Shekara bakwai ke nan da Yaya Lawali ya bar mu, kuma har yau in na ga biro a aljihun likita sai gabana ya faɗi. Dama ni da biro ba mu taɓa shiri ba, tun aji uku muka raba hanya.

Kabu-kabu Yaya ke yi, Kaura zuwa Kasuwar Daji, in hanya ta yi lafiya har Shinkafi. Mutum ne mai baki, fasinja ya hau da fushi ya sauka da dariya. Ni kuwa Furofesa yake ce mani, don na iya karanta allon kanti. Wajen Sakajiki saniya ta gitta mashi, ƙafar dama ta karye, ƙashi ya leƙo waje.

Asibitin da aka kai shi akwai likitan ƙashi, kowa na yabon hannunshi. Bakin ne dai kamar an sa mashi kwaɗo. Ya shigo da tawagarshi, ya ɗaga hoton ƙashi wajen taga, suka yi ta Turanci bisa kan Yaya kamar buhun gero ne kwance a gadon. Sai ya zaro biro, ya ja zane saman gwiwa, ya fita. Ko sannu.

Kawu Bala mahauci ne. Ya dubi zanen, ya ce shi ya san wannan aiki, inda aka shata nan wuƙa ke bi. Inna ta ɗora hannu a kai. Yaya ya ce gara ya mutu da ƙafa biyu, wa zai hau bayan gurgu? Kafin la'asar an sa shi mota, sai gidan wani mai ɗori can bayan Zurmi. Mutumin ya yi iyakar yinshi, amma ciwo ne buɗe. Ƙafa ta yi baƙi, zazzaɓi ya hau. Da ƙafafunshi biyu aka rufe shi, kamar yadda ya nema.

Daga baya wata nas 'yar unguwarmu ta gaya mana zanen nan alama ce kawai, don kada a kuskure ƙafa a ɗakin tiyata. Ƙarfe za a sa mashi. Ta ga fuskokinmu ranar, amma wannan likita ba a yi mashi magana sai ya tambaya. Kafin ta gama zagaye da shi, gado ba kowa. Kawu ya roƙe mu kada Inna ta ji.

Watan jiya Inna ta zame bakin rijiya, ƙugu ya karye. Da kyar ta yarda da asibiti. Likitan yaro ne, shina zaro biro ta fara lalaben mayafinta, wai in kai ta gida. Sai ya mai da biron, ya jawo kujera, ya gaishe ta har da tambayar jikoki, ya ce ta faɗa mashi abin da take tsoro. Wai yanzu har aji ake sa su, su koyi magana da saurare, da jin ta bakin nas. Na ce ashe likitoci ma an koma aji ɗaya. Da Yaya na nan da ya ce su taho tashar kabu-kabu, kyauta zai koya masu.

"Inna, ba yankewa za a yi ba," in ji likitan. "Alama ce, don kada a taɓa mai lafiyar. Ungo, zana da kanki."

Ta karɓi biron, ta daɗe tana kallonshi. Sannan ta dube ni.

"Furofesa, na Lawali ma haka na?"

Tun da ya rasu ba wanda ya ƙara kirana da sunan. Ni da ba a kada ni a magana a tasha, ƙasa na duba.

An yi aikin, tana takawa da sanda. Kawu ya zo dubiya, ta juya fuska bango. Babur ɗin Yaya an sayar, ɗiyarshi ta gaji dariyarshi, sauran kuma sai addu'a. Allah Ya haskaka kabarinshi. Biron nan Inna ba ta mayar ba, shina ƙarƙashin matashinta, kuma ba ta sake tambayata ba.